Wasiƙa daga Zariya kan Mura da Korona

Tudun Wada, Zariya
12 ga Disamba, 2021

Zuwa ga aminina Malam Habu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, ina sanar da kai cewa saƙonka ya iso. Na ji ɓacin ran da kake ciki na ɗage zuwanka gida, tun da hukumomin Ingila suka sanya Najeriya cikin ƙasashen da duk wanda ya fito daga cikinsu sai an killace shi a otal da kuɗinsa, saboda sabon nau'in korona ɗin nan na Omicron. Allah Ya sa hakan ne mafi alheri. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganarka ta ƙarshe, cewa likitanka ya kira ka domin allurar rigakafin mura da ta korona ta uku, kai kuma ka ce ba za ka je ba, mura ai mura ce, kuma allurai biyun farko sun isa.

Ina ganin harshenmu ne yake yaudararmu a nan, domin kalma ɗaya muke kiran majinar da ke tafiya da kanta bayan kwana uku, da kuma murar da ke kayar da ƙaton mutum da zazzaɓi mai zafi da ciwon gaɓoɓi har ta sauka cikin huhu. Ta biyun ce tsofaffinmu suka gani a 1918 suka kira ta Marisuwa, kuma har yau Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta cewa tana kashe mutum 290,000 zuwa 650,000 kowace shekara. Ƙwayar cutarta daban, ta korona daban, shi ya sa allurar wannan ba ta kare mutum daga waccan. Ƙwayar mura kuma tana sauya kama, don haka ake sabunta allurarta duk shekara. Wani bincike da aka yi a Ingila a 2020 ya nuna cewa wanda cututtukan biyu suka haɗar masa lokaci guda, haɗarin mutuwarsa ya ninka na mai korona kaɗai fiye da sau biyu.

Ka san Yaya Ado da taurin kai. A watan Janairun bana, hunturu ya kankama, hazo ya rufe gari, tari kawai kake ji a sahun Asuba, sai ya kwanta da zazzaɓi. Ya ce mura ce. Aka dafa masa citta da kanumfari da lemon tsami, aka karɓo maganin zazzaɓin cizon sauro a kemis ba tare da gwaji ba, har da kafso, alhali irin wannan magani ba ya taɓa ƙwayar mura ko ta korona. Rana ta biyar matarsa ta kawo masa miyar kuka wadda ta sha daddawa, ya shinshina ya ce ruwa ne zalla, ba ya jin ƙamshin komai. Bayan kwana biyu na same shi zaune bakin gado, ya dafa gwiwoyinsa, yana kasa kai ƙarshen amsa gaisuwa sai ya tsaya ya ja numfashi. A asibiti suka maƙala masa ƙaramar na'ura a yatsa, ma'aikaciyar ta dubi lambar, ba ta ce da mu uffan ba ta tafi neman tukunyar iskar oksijin. Gwaji ya tabbatar korona ce. Ya yi kwana goma sha ɗaya a killace, kuma ko da yake Allah Ya tashi kafaɗunsa, sai bayan Ƙaramar Salla ya iya takawa masallaci ba tare da ya huta a hanya ba. Ciwon suga gare shi, irin naka, kuma ya girme ka da shekara huɗu kacal.

Ban ɗauki zargin da mutanenmu ke yi wa allura a matsayin jahilci ba. Wanda ya san abin da ya faru a Kano a 1996, lokacin da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara masu sanƙarau, yana da dalilin yin tambaya. Amma mun kuma ga abin da ƙaurace wa allurar shan inna a 2003 ya jawo: cutar ta sake bazuwa, yara suka nakasa, sai a Agustan 2020 aka tabbatar an rabu da nau'inta na asali a Afirka. Ni da kaina na jira har Maris ya wuce, bayan allurar korona ta kamfanin AstraZeneca kusan miliyan huɗu ta iso ƙasar nan kuma an yi wa Shugaba Buhari a bainar jama'a, sannan na je. Hannuna ya yi nauyi, na kwana da zazzaɓi, washegari na tafi aiki. Allurar ba ta hana kamuwa gaba ɗaya, kuma duk wanda ya ce maka tana hanawa ya ƙara gishiri. Aikinta shi ne rage tsananin ciwon da kai mutum gadon asibiti, ƙarfinta kuma yana raguwa bayan watanni, dalilin ta ukun ke nan.

Ka ce mini komai ƙaddara ne, kuma ban musa ba. Sai dai ka tuna amsar Sayyidina Umar lokacin da ya juya daga hanyar Sham saboda annoba, aka tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, ya ce daga ƙaddarar Allah yake gudu zuwa ƙaddarar Allah. A nan allurar mura ba ta cikin waɗanda ake yi wa jama'a a asibitocin gwamnati, kai kuwa kyauta ake kiran ka saboda shekarunka da ciwon suga, kuma likitocin can sun yarda a yi duka biyun rana ɗaya, kowace a hannu guda. Don Allah ka je makon nan, domin jiki yana buƙatar kamar mako biyu kafin kariyar ta kama.

Jiya na leƙa Hajiya a cikin birni, na same ta a ɗaki da kaskon wuta, tana lafiya sai ɗan tari na hunturu. Na roƙi ƙannenka su rage shigar da jikoki masu majina wurinta, su riƙa buɗe taga idan baƙi sun taru. Kai ma idan hanya ta buɗe, ka yi gwaji kafin ka shiga gaishe ta, ko da ba ka jin komai a jikinka, tun da mutum yana iya ɗauke da korona ya yaɗa ta kafin alama ta bayyana. Ta ce in gaya maka ka riƙa rufe kunnuwanka saboda sanyin can. Ka gaida mini uwargida da yara, kuma ka sanar da ni ranar da aka yi maka allurar.

Wassalam, naka amini,
Lawal