Likita, an yi wa karyar nan aikin hana haihuwa ko ba a yi ba?

Assalamu alaikum Likita. Ina gaishe ka da aiki, kai da abokan aikinka na wannan shiri. Na daɗe ina sauraronka kana warware wa mutane matsalolin dabbobinsu, ban taɓa kawowa wata rana ni ma zan zauna in cika takarda a kan cikin karya ba. To ga shi yau ta kawo ni.

Mako biyar ke nan cif da na karɓi wata karya daga hannun abokin aikina da zai ƙaura zuwa gidan da ba a yarda da kare ba. Baƙa ce, matsakaiciya, mai sanyin hali, yara har sun raɗa mata 'Yar Baƙa. Shi ma a hannun wani ya same ta, tana babba, babu kati babu takardar asibiti. Ranar da na je ɗaukarta na tambaye shi ko an cire mata mahaifa. Ya ce, "Ina jin an yi mata, don tunda take wurina ban ga ta haihu ba." Na ce wata nawa ta yi a wurinka? Ya ce huɗu. A lokacin na karɓi maganar na sa a aljihu. Sai daga baya na gane wata huɗu ba shaida ba ce, tunda yawancin karnuka sau biyu kawai suke shiga lokacin barbara a shekara, kusan duk bayan wata shida.

Abin da ya sa maganar ta tsaya mini a rai, ina da tsohon kare namiji mai shekara takwas, ba a taɓa fiɗiye shi ba. Tun ranar da ta shigo muke raba su, ɗaya a gaba ɗaya a baya, kuma gida mai yara kowa ya san yadda ƙofa take zama a rufe.

Daren farko na kwantar da ita rigingine, ɗana na sosa mata ƙirji don ta natsu, ni kuma na haska fitilar waya ina buɗa gashin cikinta da yatsa. Can na ci karo da wani ɗan tabo a tsakiya, lafaffe, bai kai girman farce ba. Na miƙe da murna na ce wa maiɗakina magana ta ƙare, ga wurin ɗinki. Da muka je wurin likitan dabbobi bayan kwana uku, yana dubawa ya yi murmushi ya ce, "Malam, ai wannan cibiyarta ce." Kunya ta kama ni. Ashe cibiyar kare ba ta lotsawa irin tamu, ɗan tabo ne kawai a cikin gashi.

Shi ne ya aske mata ciki daga cibiya zuwa ƙasa, ya goge fatar da auduga mai sipirit, sai ga wani siririn farin layi ya fito ƙasa da cibiyar, tsawonsa kamar gaɓa biyu na yatsa. Ya bi shi da ɗan yatsa yana lalubawa ko zai ji ƙullin zare a ƙarƙashin fata. Ya nemi ɗan koren layin nan ko shuɗi da wasu likitoci ke zanawa da tawada kusa da wurin yanka don na baya su san an yi aiki, babu. Ya ɗora na'ura a tsakanin kafaɗunta ko an taɓa sa mata ɗan guntun shaidar nan na ƙarƙashin fata da zai kai mu ga tsohon mai ita, na'ura ta yi shiru.

Na ce to ai layin ya isa. Ya girgiza kai. Maganar da ya faɗa ita ce har yau take yi mini yawo a ka: tabo yana nuna an taɓa buɗe ciki, amma ba ya faɗin abin da aka ɗauke a ciki. A daidai wurin nan ake yanka idan haihuwa ta gagara a ciro 'yan kwikwiyo, a mayar da mahaifa a ɗinke. Nan kusa kuma ake gyaran cibiyar da ta ɓullo. Ya nuna mini nonuwanta na baya, sun yi tsawo sun saki, alamar ta taɓa shayarwa. Ke nan ko dai an yi mata tiyatar haihuwa aka bar ta da komai nata, ko ta haihu sannan daga baya aka cire, kuma duka biyun sun dace da abin da muke gani. Ya ƙara da cewa ko da ba mu ga tabo ba, hakan ma ba hujja ba ce, don idan tana ƙarama aka yi aikin tabon kan ɓace, wasu ta gefen ciki suke shiga, wasu kuma ƙananan huji kawai suke yi su sa kyamara.

Ya shimfiɗa mini hanyoyi. Ko in jira in ga za ta shiga lokacinta, gabanta ya kumbura, ta riƙa ɗigar da jini, maza su taru a ƙofa, abin da kan ɗauki mako biyu zuwa uku. Ko a ɗebi jini a aika ɗakin gwaji a nemi wani sinadari da ake kira AMH, wanda a jikin mace gidan ƙwai, da ake cirewa a aikin hana haihuwa, shi kaɗai ke yin sa, in an same shi to gidan ƙwai na nan. Ya ambaci wani gwajin kuma na wani sinadarin da ake kira LH, wanda kan hau ya zauna a sama idan an cire gidan ƙwai, sai dai yana iya ruɗar mutum don yakan yi tsalle na ɗan lokaci a wadda ke cikin barbara. Hoton ciki ya ce yana taimakawa, amma mahaifar da ba ta ɗauke da komai siririya ce, rashin ganinta ba ya nufin babu ita. Hanya ta ƙarshe a sa ta barci a buɗe a duba da ido. Wannan kam raina bai kwanta da ita ba. A yanka dabba a tarar tuni an cire, a sake ɗinkewa, ta sha ciwo a banza, ba zan yafe wa kaina ba.

Maiɗakina ta ce a jira, gani ya kori ji, wata shida kamar gobe ne. Ni kuma tsorona ciwon nan ne da likitan ya kwatanta mini, wanda mahaifa ke cika da mugunya 'yan makonni bayan lokacin barbara, karya ta riƙa shan ruwa kamar ba gobe, ta ƙi abinci, ta yi laushi. Ya ce wani lokaci bakin mahaifar a rufe yake, ba abin da zai fito waje balle a lura, sai dai a ga dabba na tafiya. Duk da haka na bi shawarar uwargida, muka tsaya a kan jira.

Ana ga wata ga wata. Kwana huɗu da suka wuce takalmin ƙaramar 'yata ƙafa ɗaya ya ɓata. Muka neme shi ko'ina, sai ga shi a ƙarƙashin matakala, 'Yar Baƙa ta tara tsummoki ta yi shimfiɗa, ta rungume takalmin a cikinta tana lasarsa. Na miƙa hannu zan ɗauka, karyar da ba ta taɓa ɗaga mini murya ba ta yi gurnani. Da ta huce na duba cikinta, nonuwan sun ciko, na ɗan matsa ɗaya sai ga farin ruwa ya tsatso. Cikin ma ya ɗan taso, ko da yake a rame ta zo mana kuma tun zuwanta ba ta wasa da kwano, don haka ban san ƙiba ce ko wani abu ba.

Na san akwai cikin ƙarya da karnuka ke yi wajen mako shida zuwa takwas bayan lokacin barbara, har da nono da renon kayan wasa. Amma na zauna na yi lissafi gabana ya faɗi. Cikin kare kusan kwana 63 ne. Ta yi kwana 35 a gidana. Idan wani kare ya same ta mako uku kafin in ɗauko ta, lokacin abokina na fama da haɗa kaya bai kula ba, yau tana kwana na 56 ke nan, saura mako guda. Na kira shi, ya rantse bai ga jini ba, amma ya amsa cewa takan fita ta dawo. Likitan da ya duba ta kuma ya yi tafiya, sai mako mai zuwa.

Likita, ka taimake ni da haske. Wannan nonon da renon takalmin sun isa su tabbatar cewa gidan ƙwanta na nan, ko wadda aka yi wa aiki ma tana iya yin haka? Na ji an ce wani lokaci ɗan guntun gidan ƙwai kan saura a ciki bayan tiyata, karya ta ci gaba da nuna alamun barbara alhali ba mahaifa. In haka ne, gwajin jinin zai bambance mini tsakanin guntun da ya saura da wadda ba a taɓa ba sam? Sannan a halin da ake ciki, wanne zan fara: hoton ciki, tunda an ce daga wajen mako huɗu ana iya ganin 'ya'ya, ko gwajin jini? Kuma in jira likitan da ya san ta, ko in nemi wani gobe da safe?

Sai maganar lokacin aiki. In ta tabbata ba a yi mata ba kuma babu ciki, ina son a yi. An ce a bari sai wata biyu zuwa uku bayan barbara, kuma sai nono ya ƙafe, to ni da ban san ranar da ta shiga ba, daga ina zan fara ƙirga? Kafin nan, in ɗauke takalmin da tsummokin ne ko in bar mata? Matsa nonon kam na daina, don an ce taɓawa na ƙara kawo ruwa. Ka kuma faɗa mini alamun da in na gani ba zan jira gari ya waye ba.

Yanzu haka da nake rubutun nan tana can ƙarƙashin matakala da takalminta, tsohon karen kuma yana bayan ƙofa yana shinshinar ƙasa. Na sa kwano mai alamar awo don in riƙa sanin yawan ruwan da take sha, jiya da yau dai bai canza ba.

Allah ya ƙara basira.

Naka,
mai sauraron shirinka a kullum.