Rahoton Ayyukan Shekara daga Sakataren Ƙungiya

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe uban ƙungiya, malam shugaba, malamai da sauran 'yan uwa.

Zan fara da kuɗin wata, tunda shi ne ya cinye mini shekarar. Waɗanda suka biya nasu cikakke ba su kai rabinmu ba. Na tura saƙo a WhatsApp, na buga waya, wani har gida na bi shi a Fadaman Mada, yaro ya fito ya ce Baba ya tafi Azare, ga kuma motarsa a ƙofar gida. Ni da ma'aji ba albashi ake ba mu ba, katin da nake kiranku da shi ma daga aljihuna yake fita. Don haka duk wanda zai miƙe yau ya tambayi dalilin da ya sa ba a yi kaza ba, ya fara leƙa littafin ma'aji ya ga ko sunansa na ciki.

Tarukan wata an yi su, ban da na watan azumi da guda ɗaya da ruwan sama ya hana.

Babban abin da muka yi bana shi ne sharar rumbun manazartanmu na Zotero, manhajar da ake adana littattafai da takardun bincike a ciki don kafa hujja da su a rubutu. Kun tuna lokacin da fayilolin PDF suka daina hawa, kowa ya dinga kirana kamar ni na ƙera manhajar. Wurin ajiya ne ya cika. Zotero na ba da MB 300 kyauta, kuma duk fayil ɗin da aka ɗora a rumbun ƙungiya a kan asusun mai rumbun ake lissafa shi, wato asusun malam shugaba. Ƙarin wuri zuwa GB 2 dala 20 ne a shekara. Ba wani kuɗi ba ne ga ƙungiya mai yawanmu, amma baitulmalin ƙungiya babu ko sisi, sai muka ce to a ɗauki tsintsiya.

Mun haɗu wata Asabar a Yelwa, tun ƙarfe tara. Wuta ta ɗauke kafin a gama gaisawa, aka tayar da janareta da man da mutum uku suka haɗa kuɗinsa. Kafin a taɓa komai sai da muka rufe manhajar, muka kwafe babban fayil ɗin bayanai da jakar ajiya zuwa filashi biyu. Wasu sun ga kamar ɓata lokaci ne. Kafin azahar sun gane amfaninsa.

A nan ne asiri ya tonu. Da yawanmu muna zaton mun goge abu, alhali yana nan daram. In kana cikin wata jaka ka danna maɓallin gogewa, daga jakar kawai ka cire shi, bai bar rumbun ba. Da muka buɗe sashen abubuwan da ba su cikin kowace jaka, sai ga tarin takardu har da na waɗanda suka kammala digiri suka bar gari. Wani Dakta ya dafe kai yana cewa, "Wallahi waɗannan tun kafin babbar salla na goge su!" Aka kwashe da dariya. Wanda kuma aka jefa kwandon shara da gaske, yana zaune a can kwana 30 kafin ya fita da kansa, kuma muddin yana ciki, fayil ɗinsa na cin wuri.

Sai maimaici. Wani littafi kan tarihin masarautar Bauchi mun same shi an shigar da shi sau shida, kowa da yadda ya rubuta sunan marubucin, biyu babu shekarar bugu, huɗu kuma ɗauke da PDF iri ɗaya. Ɗaya daga cikin ƙannenmu ya yi saurin goge biyar ya zubar da kwandon, ashe da ɗaya daga cikinsu Hajiya ta kafa hujja a babi na biyu na kundinta, mahaɗin da ke tsakanin Word da rumbun ya tsinke. Ba ta ce uffan ba, kallonsa kawai ta yi. Kwafin safe ne ya fitar da mu kunya, da shi muka gane wanda ta yi amfani da shi aka gyara mata. Daga nan muka kafa doka: maimaici haɗe shi ake yi, ba a gogewa, don haɗewa ba ta tsinke mahaɗin kowa. Fayilolin da suka ninku ne kaɗai ake cirewa bayan an haɗe.

Wani ya matsa a buɗe fayil ɗin bayanan a matse shi da hannu, tunda irin wannan fayil ba ya raguwa don an goge abu a cikinsa. Mun hana. Masu manhajar da kansu sun yi gargaɗi kan taɓa shi, kuma ba shi ya cika mana wuri ba, bayanan manazarta ba a lissafa su cikin MB 300 ɗin, fayiloli ne kawai.

Bayan la'asar aka zubar da kwandon, muka zuba wa allo ido, sai ga PDF na hawa. Hajiya, duk da abin da aka yi mata, ita ta kawo masa da miyar taushe. Allah ya saka da alheri. Abin takaici, mu ɗin nan da aka saba gani ne muka zo. Masu yawan ƙorafi a WhatsApp ko ƙeyarsu ba a gani ba.

Littafin jagora na Hausa da muka yi alkawari bara bai fito ba. Rubutun ya kai rabi, yana kwamfutata, wanda ya karɓi ragowar kuma ya daina ɗaga wayata. Horon da aka shirya wa 'yan uwanmu na Gubi shi ma ya tsaya saboda kuɗin mota. Gyaran alamomin da aka liƙa wa manazarta barkatai ko farawa ba a yi ba.

Rumbun kuma zai sake cika, don ɗorawa ake yi kullum. Ma'aji na zaune bakin ƙofa da littafinsa da rasit, a gan shi kafin a fita.

Sakatare