Iyaye, Mu Lura da Lafiyar Ƙwaƙwalwar Matasanmu

Malam Edita, assalamu alaikum. Ina roƙon fili in ja hankalin iyaye da malaman makaranta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya cikin kowane yara bakwai masu shekara 10 zuwa 19 na fama da larurar ƙwaƙwalwa. Amma a gidajenmu, yarinya ta daina cin abinci, ba ta barci, ta ƙaurace wa ƙawayenta, karatunta ya ja baya, sai a ce miskilanci ne ko shafar aljanu. Saurayi ya fara magana shi kaɗai, yana jin muryoyin da babu mai jin su sai shi, sai a yanke cewa ƙwaya yake sha. Wani lokaci ciwon ne ma ya tura shi ga shan tiramadol ɗin.

Likitoci na zargin ciwon damuwa idan baƙin ciki da rashin sha'awar komai suka kai mako biyu suna hana yaro harkokinsa. Wanda ya ambaci kashe kansa kuwa, ranar za a kai shi asibiti, ba a jira. Addu'a da ruƙya ba su hana ganin likita.

Muna da asibitocin ƙwaƙwalwa a Kaduna, Kware ta jihar Sakkwato, Maiduguri da Dawanau ta jihar Kano, sai dai sun yi wa mutanen karkara nisa. Tunda an sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023, ina kira ga gwamnonin Arewa su horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su riƙa gane waɗannan alamomi da wuri.

Naka,
Wani malamin sakandare, Kano