Wasiƙa zuwa ga aminina: dakata da sayen katin nan tukuna

Aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, ya aiki, ya sanyin garin naku? Ya maiɗakinka da yara? Mu nan sai godiya. Hajiya na gaishe ka ƙwarai, ta ce shekara uku ke nan rabonta da ganinka, kuma tana lissafe.

Saƙonka ya same ni daren Laraba, na karanta shi har sau uku. Ka ce ka tara 'yan kuɗi, kana so ka sayi katin hoto na kwamfuta, na'urar nan da ke zana hoton wasa, guda biyu, ɗaya naka ɗaya nawa, don ranar da wasan The Witcher 4 zai fito ya same mu a shirye. Wallahi abin ya taɓa min zuciya. Mutum yana wata uwa duniya, ga hidimar iyali a kansa, amma bai manta da abokin da suka yi ta kwana a gaban laftof ɗaya ba. Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Sai dai ina roƙonka ka riƙe kuɗin nan tukuna, kuma ka yi haƙuri da tsawon bayanina, don maganar ta daɗe tana cina.

Har yau kamfanin CD Projekt Red na ƙasar Poland bai fitar da jerin kayan da wasan zai buƙata a kwamfuta ba. Jerin da ka turo min, mai cewa sai kati kaza da furosesa kaza, hasashen mutane ne kawai, kowa ya zauna ya rubuta nasa. Abin da kamfanin ya faɗa da bakinsa a watan Maris na 2025 shi ne wasan ba zai fito kafin ƙarshen 2026 ba. Ka ga kuwa duk katin da aka saya yau zai zauna yana tsufa a cikin kwamfuta, garantinsa na ƙarewa, sababbi na fitowa, alhali abin da aka saye shi dominsa bai iso ba. Wannan cinikin biri a sama ne.

Na san inda ka samo tunanin. Bidiyon tallan da suka nuna a bikin The Game Awards ranar 12 ga Disamba 2024 ne ya ɗaga hankalin kowa, ni ma har da ni. Amma wancan fim ne da aka haɗa tun da wuri, aka ba na'ura lokaci ta zana shi a tsanake, kuma daga baya aka bayyana cewa da RTX 5090 aka yi shi. Kati ne da aka sa wa farashin dala 1,999 ranar da ya shigo kasuwa a Janairun 2025, yana da gigabait 32 na ƙwaƙwalwar hoto, kuma shi kaɗai yana iya shan wat 575. Ka tuna inbatar gidanmu. Ko kyauta aka ba ni shi, in aka ɗauke wuta da magariba, ba zan kai sallar isha'i da batir ba, ga fankar ɗakin Hajiya a kan layin. Zafin da zai fitar a watan Afrilu a Kano kuwa, ba sai na faɗa maka ba.

Bidiyon da ya kamata ka auna da shi shi ne na biyu, wanda suka nuna ranar 3 ga Yunin 2025 a taron State of Unreal. Ka sake kallonsa a nutse. Ciri ce, jarumar sabon wasan, a kan dokinta Kelpie tana ratsa daji a ƙasar Kovir, inda ba a taɓa kai mu ba a wasannin baya, har ta gangaro garin Valdrest da ke bakin teku, kasuwa cike da mutane kowa na harkar gabansa. Duk wannan a kan PlayStation 5 na gama-gari aka tafiyar da shi, hoto 60 a sakan ɗaya, tare da fasahar nan ta bin sawun haske wadda ke lissafa yadda haske ke faɗawa a kan abu ya dawo. PlayStation 5 kuwa na'urar Nuwamban 2020 ce, gigabait 16 gare ta gaba ɗaya, furosesa da sashen hoto suna rabawa. Ga kuma Xbox Series S mai gigabait 10 kacal, wadda ita ma aka ce wasan zai fito a kanta, duk da masu haɗa wasan da kansu sun ce samun hoto 60 a kanta zai yi wuya ainun. Wasan da dole ya shiga cikin waɗannan akwatuna ba zai ce sai katin dala dubu biyu kafin ya tashi ba. Masu manyan katuna za su ga ƙarin kyau, amma mu talakawa ba za a rufe mana ƙofa ba.

Kar ka ɗauka na sakankance da su. Su da kansu sun ja kunnen mutane cewa abin da aka nuna a Yuni gwajin fasaha ne, ba wasan kansa ba ne. Kuma kana tune da 2015, lokacin da kashi na uku, The Witcher 3, ya fito mutane suka yi ta jera hotunansa da na tallan 2013 suna nuna inda aka rage hayaƙi, aka rage haske, aka sassauta daji. Sannan ga abin da ya faru da wani wasan nasu, Cyberpunk 2077, a Disambar 2020, wanda ya fito a kan PlayStation 4 cike da matsaloli har Sony ta cire shi daga shagonta kusan mako ɗaya bayan fitowarsa, bai dawo ba sai Yunin 2021. Sun gyara shi daga baya, gyara mai kyau kuwa, kuma ina ganin wannan ciwon ne ya sa a wannan karon suka fara gini daga kan PlayStation maimakon su gina don babbar kwamfuta su dawo suna datsewa. Duk da haka ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa.

In kana son ka hango abin da za su nema, dubi 'yan'uwansa. Tun Maris 2022 suka sanar da cewa sun ajiye injinsu na gida, wato manhajar da suke gina wasa a kanta, REDengine, sun koma Unreal Engine 5. To ga Oblivion Remastered da ya fito a Afrilun 2025 a kan injin nan: mafi ƙarancin abin da ya nema shi ne RAM gigabait 16 da katin GTX 1070 Ti da wurin ajiya gigabait 125, sannan suka ba da shawarar RAM gigabait 32 da RTX 2080 ga mai son ya more. Black Myth: Wukong na 2024 shi ma gigabait 16 ya nema da wuri gigabait 130. Wani abu kuma ya fara zama ruwan dare: Doom: The Dark Ages na Mayun 2025 ba ya tashi sam sai da katin da aka gina masa sashen bin sawun haske. A nawa ganin nan aka dosa. GTX 1060 ɗina na hannu, mai gigabait 6, wanda ya yi min hidima shekara da shekaru, ba shi da wannan sashe, domin sai a katunan RTX na 2018 aka fara sa shi. Na riga na sa a raina cewa ba zai kai ni Kovir ba. Kati zan canza, babu makawa, kuma ranar da za a saya ina so mu guji mai gigabait 8, don wasannin yanzu sun fara cika shi su tumbatsa. Amma a bari lokacin ya zo.

Akwai kuma abin da kuɗi ba ya magancewa. Wasanni da yawa na injin nan suna da halin cijewa na ɗan ƙiftawar ido, musamman in ka ƙetara daga wani yanki zuwa wani, ko wani sabon abu ya bayyana a karon farko na'ura ta tsaya shirya yadda za ta zana shi. Masu katunan miliyoyi ma suna kuka da wannan. Aikin masu haɗa wasan ne su gyara, kuma shi ne abin da zan fi zuba wa ido. Cunkoson mutane irin na kasuwar Valdrest kuwa furosesa yake wahalarwa fiye da kati. Ka tuna yadda laftof ɗinka ke numfashi da ƙyar duk lokacin da muka shiga dandalin birnin Novigrad a kashi na uku?

Tunda na ambaci laftof ɗin nan, bari in faɗa maka abin da ya fi sa ni rubuto wannan wasiƙa. Lokacin da kashi na uku ya fito ranar 19 ga Mayun 2015, mafi ƙarancin abin da aka nema shi ne i5-2500K da GTX 660 da RAM gigabait 6, mu kuwa da ƙyar muka leƙa wannan matakin. Muka sauke komai zuwa ƙasa, muka kashe saitin nan mai sa gashin Geralt, jarumin wasan, kaɗawa, muka ɗora laftof a kan murfin tukunya don iska ta shiga ta ƙasa. Ciyawar yankin Velen sai ka zo dab da ita take tsirowa. A haka muka buga labarin Baron, mutumin da giya da dukan mata suka tarwatsa gidansa, matarsa Anna da 'yarsa Tamara suka gudu suka bar shi. Ka tuna wurin da ya ɗauki jaririyar da aka yi ɓarinta, wadda ya binne a ɓoye ba suna, ya raɗa mata suna yana kuka? Ka ajiye fad ɗin da muke sarrafa wasan da shi, muka yi shiru. Daga nan muka kama gardama har aka kira assalatu, kai kana cewa ya tuba a yafe masa, ni ina cewa kukan namiji ba ya goge tabon da ya bar wa matarsa. Har yau ban canza ra'ayi ba, na kuma san kai ma haka. Shekara goma ke nan, ban iya tuna ko inuwar bishiyoyin ta yi kyau a daren nan, amma ina iya kawo maka maganganun mutumin nan. Kwafi sama da miliyan 60 da aka sayar na wasan, na tabbata irin wannan dare ne ya sayar da mafi yawansu.

Shi ya sa hayaniyar da ake yi a kan Ciri take ba ni mamaki. Na ga ka ɗan karkata wajen masu cewa in ba Geralt ba wasa. Ɗan'uwa, Geralt ya gama aikinsa. A Blood and Wine, ƙarin labarin kashi na uku da ya fito a 2016, an ba shi gida da gonar inabi a Toussaint, ya zauna ya huta, kuma mu da kanmu muka ce ƙarshen ya dace da shi. An ma tabbatar zai bayyana a sabon, ragamar ce kawai ta bar hannunsa. Ciri kuwa ba baƙuwa ba ce da aka ɗauko daga waje. Kashi na uku kacokan nemanta ake yi, mun riƙe ta da hannunmu a wurare da dama, kuma ɗaya daga cikin ƙarshen wasan shi ne Geralt ya miƙa mata takobin azurfa. Masu tambayar yadda aka yi ta sha magungunan nan da ke mayar da mutum mafaraucin dodanni, alhali ba a san mace ta taɓa tsallake su ba, tambayarsu tana kan hanya, ni ma ina jiran amsar a cikin labarin. Tambaya daban, yanke hukunci tun kafin a ji ta bakin mai labari daban.

Ka koma wancan bidiyo na Disamba, ka manta da kyan hoton, ka bi labarin. Mutanen ƙauye sun yi wa yarinya ado za su miƙa ta ga dodo bisa al'adarsu. Ciri ta shiga daji ta ce wa yarinyar ta koma gida, sannan ta kashe dodon. Da ta fito sai ta tarar mutanen garin sun kashe yarinyar da hannunsu. Da na kai wurin sai da na tsayar da bidiyon. Wannan ita ce duniyar da na sani, inda mai ceto ke yin iya ƙoƙarinsa tsoron mutane ya rinjaye shi. In sun riƙe wannan zaren, hankalina ya kwanta rabi.

Ragowar rabin kuwa yana kan marubuta. Konrad Tomaszkiewicz, wanda ya jagoranci kashi na uku, ya bar kamfanin ya kafa nasa mai suna Rebel Wolves tare da wasu tsofaffin abokan aikinsa, yanzu Sebastian Kalemba ne ke jan ragamar na huɗu. Sabon hannu na iya kawo alheri, ina kuma yi musu fata. Abin da nake tsoro shi ne matsin lambar masoya, masu ƙirga ganyen bishiya a kowane hoto, ya sa a zuba ƙarfi wajen faɗaɗa taswira a cika ta da alamomi, a bar ƙananan labaran da suka sa ko kwangilar kashe dodo a wani ƙauye ke da mutum a bayanta. Ni a ba ni ƙasa ƙarama mai mutane irin Baron, da wasan kati irin Gwent da zan ɓata dare a kansa, na gode.

Ga shawarata. Ka ajiye kuɗin a inda ba za ka taɓa su ba. Ranar da kamfanin ya fitar da jerin nasa, kar mu motsa. Mu jira wasan ya fito, masu gwaji su ɗora shi a kan matsakaitan katuna su nuna mana lambobi, sannan mu zaɓa da idonmu a buɗe. Mai yiwuwa ma a lokacin mu ga PlayStation 5 ta fi mana sauƙi, tunda a kanta aka gina shi kuma wutar da take sha bai kai rabin ta wancan katin ba. In kuma hannunka na ƙaiƙayi dole sai ka riƙo min wani abu, to SSD, faifan ajiyar nan mai sauri, mai terabait ɗaya nake buƙata, don tsohon faifaina ya cika kuma manyan wasannin yanzu sun daina yarda da irinsa. Wannan ko yau aka saya ba asara. Ka haɗo da fad guda, nawa maɓallin hagu ya fara zarcewa.

Na sake ɗora kashi na uku a kwamfuta, da gyaran da suka raba kyauta a Disambar 2022, kuma da gangan na tsaya daidai ƙofar gidan Baron ban shiga ba. In Allah ya kawo ka da Babbar Sallah kamar yadda ka ce, daga nan za mu tashi, kai ke riƙe da fad. Ka rubuto min ranar da za ka sauka don in je tarbarka, kuma ka faɗa min gaskiyar abin da ke damunka game da Ciri, don a saƙonka ka taɓo maganar ka wuce.

Ka gaida maiɗakinka, ka shafa min kan yara. Allah ya tsare, ya sada mu da alheri.

Naka har kullum,
Amininka na Kano