Ƙarar da aka kai Verizon ba kwaɗayin diyya ba ne: amsa ga mai tambaya

Assalamu alaikum, ɗan'uwa.

A shirin rediyon da aka gayyace ni, ka bugo ka tambaye ni me zai sa Amurkawa su maka kamfanin sadarwa a kotu don kawai ya toshe wani abu a waya, alhali wayar tana kira tana karɓa. Ka ce kwaɗayin diyya ne. Ni ban ga haka ba.

A 2004 kamfanin sadarwa na Verizon ya fara sayar da wayar Motorola V710, ana tallata ta da cewa tana da Bluetooth. Mutane suka biya kuɗinsu, suka koma gida, sai suka tarar Bluetooth ɗin yana kama abin saƙalawa a kunne, amma ko hoto ɗaya ba ya turawa zuwa kwamfuta. Ba lalacewa wayar ta yi ba. Verizon ne ya sa aka kashe wannan ɓangaren, shi kuwa yana da tasa hanyar tura hoto da ake biya. Tamkar ka sayi gida ne, mai sayarwa ya kulle ɗaki ɗaya ya tafi da makullin. A 2005 masu wayar suka haɗu suka shigar da ƙara ɗaya a Kalifoniya, aka sasanta: wanda zai riƙe wayarsa a rage masa dala 25, wanda bai so ya mayar ya fita daga yarjejeniyar ba tara.

To ina kwaɗayi a dala 25? Ko kuɗin ganin lauya ba su kai ba. Kamfanonin sun san ba wanda zai je kotu shi kaɗai kan wannan ɗan abin, shi ya sa haɗuwar mutane take tsone musu ido.

Abin da ya fi ci mini rai ya faru a 2011. A shari'ar kamfanin sadarwa na AT&T da iyalan Concepcion, Kotun Ƙolin Amurka, alƙalai 5 a kan 4, ta yarda kamfani ya sa sharaɗi a takardar yarjejeniya da zai hana masu layi haɗuwa su kai ƙara, kowa ya je gaban mai sulhu shi kaɗai. Wa yake karanta waɗannan ƙananan rubuce-rubucen kafin ya sa hannu?

Da AT&T ya riƙa rage gudun intanet ga waɗanda ya sayar wa data da sunan marar iyaka, wani mutum ya kai shi ƙaramar kotu a 2012, ya ci dala 850. Sauran miliyoyin kuwa sai da hukumar FTC, mai kare haƙƙin masu saye a Amurka, ta shigar da ƙara a 2014, suka yi ta jira har 2019 kafin kamfanin ya yarda ya biya dala miliyan 60.

Wassalam.