Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, kan horon likitocin homon a Sakkwato

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, muna maka fatan alheri.

Kai likita ne, ka san endokirinoloji, wato fannin homon (sinadaran da jiki ke sakewa cikin jini don tafiyar da aikin gaɓoɓi) da cututtukansa irin su ciwon suga da maƙoƙo, sai da awon jini ake koyonsa. Ka kuma san ba a ba likita shaidar ƙwarewa a kwalejin ƙasa da ke Ijanikin, Legas, ko ta Afirka ta Yamma sai ya gabatar da kundin bincike. Abin da ke durƙusar da wannan kundi a Sakkwato shi ne rashin tsayayyar wuta a ɗakin gwaje-gwaje.

Sinadaran gwajin TSH (homon da ke motsa tayirod na wuya) da homon kotizol suna son sanyin digiri 2 zuwa 8, daidai da insulin. Ruwan jinin da aka tara don bincike ana ajiye shi a digiri 20 ƙasa da sifiri, in zai daɗe kuwa 80. A garin da zafin Afrilu ke wuce digiri 40, wuta ta ɗauke da dare, janareto ba mai, kafin gari ya waye firiza ya saki. Samfurin da ya yi ta narkewa yana sake daskarewa ya daina zama abin dogaro, aikin shekara guda ya tafi ke nan.

Gwajin ACTH, homon da ke sa jiki ya samar da kotizol, ya fi tsanani. A kwalbar EDTA, mai hana jini daskarewa, ake ɗibar jinin, a ɗora kan ƙanƙara, a tace shi nan take. In aka ɗora shi a mota zuwa Kano ko Abuja ba tare da isasshen sanyi ba, homon ɗin na lalacewa a hanya, sakamako ya fito ƙasa. Sai likita ya ɗora laifin ƙarancin kotizol kan fituwitari da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, alhali ciwon yana adirinal da ke saman ƙoda. Ga kuma matar da ta zubar da jini sosai wajen haihuwa, nono ya ƙi zuwa, al'ada ta ɗauke, jiki ya mutu. Ita sai an san matsayin kotizol ɗinta, domin in aka fara mata maganin tayirod kafin haidurokotizon, maganin da ke maye gurbin kotizol, tana iya faɗawa halin rai kwakwai mutu kwakwai. Ta yaya ɗalibi zai ƙware a wannan in sakamako sai bayan makonni yake dawowa?

Dokar horon likitoci ta 2017 ta ɗora wa gwamnati nauyin wannan horo. A watan Agustan 2024 kun amince da manufar rage ficewar ma'aikatan lafiya zuwa waje. A Abuja aka yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafi ga lafiya tun 2001. Duk da haka likita daga albashinsa yake sayen sinadaran bincikensa, wanda ya gaji kuwa ya nufi Ingila ko Saudiyya.

Don Allah, Ranka ya daɗe, a ba ɗakin gwajin homon layin sola da batir nasa na kansa, da firizan digiri 80 ƙasa da sifiri mai ƙararrawa, da na'urar awo wadda aka ƙulla yarjejeniyar gyaranta tun ranar saye, da kuɗin sinadarai a kasafin kowace shekara. Akwai ƙarancin malaman jinya masu koyar da allurar insulin da kula da ƙafar masu suga, amma a fara da wutar.

Wassalam,
Wasu likitoci masu neman ƙwarewa, Sakkwato