Kwamfuta ba ta san kalmar Hausa yadda muka san ta ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na ji daɗin bayanin da kuka buga a shafinku na fasaha kan neman kalma a cikin fayiloli da umarnin grep. Sai dai marubucin ya tsaya a inda aikin ya fara wuya, shi ya sa na ce bari in sa baki.

Aikina gyaran rubutu ne, kuma ina ajiye da fayiloli masu yawa na rubutun Hausa a kwamfutata mai Linux. Kullum sai na nemi wata kalma don in ga yadda marubuta suka yi amfani da ita. Wanda ya rubuta grep kai labari.txt zai sha mamaki, domin za a jero masa kaifi da takaici da kaikayi, duk layin da haruffan nan uku suka haɗu a jere. Ba laifin grep ba ne. Tun da Ken Thompson ya rubuta shi a Bell Labs da ke Amurka wajen 1973, jerin haruffa yake nema, sunan ma daga umarnin g/re/p na tsohuwar manhajar ed aka samo shi. Maganin da kowa ya sani shi ne a ƙara -w, wato grep -w kai, sai ya kawo kai tsurarta. A nan marubucinku ya ajiye alƙalami.

To, ga inda gizo ke saƙar. A wurin grep, kalma ita ce haruffa da lambobi da alamar _ kawai, duk wani abu daban iyaka ce. Waƙafin sama da muke sawa a tsakiyar kalma shi ma iyaka ne a wurinsa. Ranar da na nemi ƙirga "ma" da -w, sai ga ma'ana da ma'aikata da ma'auni sun cika mini allo. Na nemi "sa", ya haɗo mini da sa'a. Karan ɗori ma haka, "kai" za ta fito a cikin kai-tsaye. Na riga na ba abokin aikina lissafin kafin in lura, sai da na koma na ba shi haƙuri.

Abin da ya fisshe ni shi ne in daina barin grep ya yanke mini inda kalma ta ƙare. Nakan fara da tr, umarnin da ke musanya wani harafi da wani, in farfasa rubutun kowace kalma a layinta, sannan in yi amfani da -x, wanda ba ya yarda sai layin gaba ɗaya ya yi daidai da abin da ake nema:

tr -s ' ,.?!:;' '\n' < labari.txt | grep -cx ma

Wannan ya kuma gyara wani kuskuren da mutane ba sa lura da shi: -c layuka yake ƙirgawa, ko kalmar ta zo sau uku a layi ɗaya, ɗaya zai ce. Da zarar kowace kalma ta samu layinta, lissafin ya daidaita.

Haruffanmu masu lanƙwasa kuwa, ƙ da ɗ da ɓ, nasu labarin daban ne. A UTF-8, tsarin da kwamfuta ke adana haruffa da shi, kowannensu bayit biyu ne, wato gurbi biyu yake ci. Idan an saita kwamfutar a kan UTF-8, grep ya san su haruffa ne. Idan kuma tana kan saitin C, wanda haruffan Turanci kawai ya sani, bai san su ba, sai ya ɗauki ƙ a matsayin iyaka, ka nemi "asa" da -w ya miƙo maka ƙasa. Na ɗanɗana wannan da wani ɗan rubutun bash, wato jerin umarni a fayil, da nake sa cron, mai tayar da aiki a lokacin da aka tsara masa, ya tayar da dare: in na tayar da shi da hannuna amsa ɗaya, da safe in tarar da wata. Ashe cron bai ɗauki saitin harshen da nake aiki da shi ba. Layi ɗaya na ƙara a saman rubutun, export LC_ALL=C.UTF-8, rigima ta mutu.

Ga masu rubuta irin wannan, a riƙa sa "$kalma", wato sunan da ke riƙe da kalmar da ake nema, cikin alamun zance, a kuma ƙara -F idan abin da ake nema yana da aya, don in babu shi aya na nufin kowane harafi. Idan so kake kawai ka san ko kalmar tana nan, -q ya isa, lambar da grep ke mayarwa idan ya gama ita ce amsar: 0 an samu, 1 babu, 2 an yi kuskure.

Roƙona, Malam Edita, idan za ku sake kawo darasin, a gwada misalan a kan rubutun Hausa mai ƙ da waƙafin sama kafin a buga.

Wassalam,
Mai karanta ku kullum